Kwana Goma Sha Bakwai

Bayan gidanmu, inda tafkin Laguna
ke lasar ƙafafun gora,
agwagi tara da toro ɗaya
suna kiwon dodon-koɗi a taɓo.
Ba su ɗauki ƙwai abin ɓoyo ba:
ƙarƙashin kwale-kwale, gindin ayaba,
duk inda asuba ta riske su nan suke yarwa,
ni kuma in bi sawu da ƙwaryar kwakwa.

Babana Densyo yakan raba su biyu.
Wasu a fasa su a kasko nan take,
gwaiduwa jawur, mai danƙo,
tana rungume shinkafa.
Sauran a binne cikin ƙaiƙayi mai ɗumi,
a juya da safe, a juya da dare,
ana lallaɓa su kamar maƙwabci mai saurin fushi.

Daren bakwai yakan rufe taga,
ya kifa gwangwani mai huda a kan fitila.
Ƙwai ya zo bakin huda, haske ya shige shi.
Wannan fayau, ba kowa a gida.
Wannan baragurbi, a kai nesa da hanci.
Wannan kuwa, "Ningning, matso,"
jijiyoyi sirara kamar saƙar gizo,
da ɗigo ɗaya baƙi a tsakiya
yana motsi ba wanda ya taɓa shi.

Ranar sha bakwai tukunya ke tafasa.
Balut, da zafinsa.
A ƙwanƙwasa gindin da cokali,
a buɗe ƙofa daidai farce,
a kurɓe romon kafin ya huce.
Gishiri, ruwan tsamin kwakwa, barkono.
Babana ba ya rufe ido in zai ci.
Yakan ce, "Dubi abin da ke ciyar da ke.
Ga baki, ga fiffike bai ƙarasa ba.
Wanda ya runtse ido, shi ne mara godiya."

Ina shekara takwas na yi sata.
Na shafa wa guda gawayi,
na kai shi ƙarƙashin kazar Aling Choleng
da ke kwanci a bayan murhu.
Ya ƙirga sau biyu, ya dube ni,
ya ce, "Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki,
balle agwagwar da ba ta zo ba."
Bai dake ni ba. Rabona na daren ya cinye.

Kwana goma sha ɗaya ɓawo ya tsage.
Ta fito jiƙe, mummuna, tana layi,
da ta tasa ta nufi ruwa kai tsaye,
kazar na kai da kawo a gaɓa
tana kururuwar 'yarta za ta nutse.
Shekarar da guguwa ta kwashe garkenmu
ita kaɗai ta dawo, da ɗingishi.
Duk masu surutun nan na bayan gida
jikokin jikokinta ne.
Har yau bai ce na yi daidai ba.

Yanzu yana ta rufe idonsa.
Ni ke kifa gwangwani, ni ke haskawa,
shi kuma ya kara ƙwan a kunne,
wai yana jin mai gida a ciki.
Sau da yawa yakan dace.

Jiya na ɓare masa ɗaya,
na sa gishiri, na kai hannunsa.
Ya riƙe, bai kai baki ba.
"Faɗa mini yadda yake," ya ce.
Na ce, ga baki, ga gashi siriri,
ya naɗe wuya kamar mai barci.
Ya gyaɗa kai, ya kurɓe romo.

Da na koma ga kwando ina juyi
sai yatsana ya fito baƙi.
Can ƙasa, cikin ƙaiƙayi,
ƙwai biyu da shafen gawayi,
a karkace, irin na mai lalube.